Akwatin da Ke Amsa wa Hajiya

Tun ranar da aka shigo da akwatin nan gidanmu na san ni da shi ba za mu sha inuwa ɗaya ba. Kada wani ya ce jahilci ne ya sa. Ni Garba Mai-wuta, shekara ashirin da bakwai ina ja wa mutane waya a cikin birnin Zariya, daga Kwarbai har gindin Kufena da wuya ka sami lungun da ban kafa tsani ba. Wayar gidanmu ma da hannuna na ja ta, tun ana manna ta a bangon ƙasa da 'yan ƙusoshi. To a ce rana tsaka ƙanena Suhail ya sauka daga Abuja da kwalaye cike da bayan mota, wai ya zo ya sauƙaƙa wa Hajiya rayuwa, ni kuwa ina tsaye a zaure kamar ɗan cin arziki. Ko shawara bai yi da ni ba.

Hajiya Barira ita ta haife mu. Ni ne ɗan fari, Suhail auta, tsakaninmu mata huɗu duk suna ɗakunan mazansu. Tun rasuwar Malam, mahaifinmu, ni na rage tare da ita, ni da matata Hauwa'u a sashen da ke kusa da zaure, ita a ɗakinta na can ƙurya. Idonta ya yi yana, gwiwa ta ƙi, makunnin fitila ma sai ta lalubi bango kafin ta same shi. Ni ke kai ta asibiti, ni ke nemo maganin gwiwa, ni ke hawa rufi in toshe yoyo da zarar damina ta kankama. Suhail kuwa sau uku yake leƙowa a shekara, da ƙamshin turare da leda a hannu, amma ranar da ya zo sai ka rantse sallah ake yi a gidan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga kuma abin da ya daɗe yana ci mini rai, bari in faɗa tunda na fara. Hajiya mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Ƙari a kan haka sunan surukinta aka sa mini, Abubakar Siddiƙ. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba Abubakar ba, ba Siddiƙ ba, ba Garba ba. In tana son in yi wani abu sai ta dubi Hauwa'u ta ce, "A ce masa ruwan tanki ya ƙare." Ina zaune a gabanta fa! Na san al'ada ce, ban musa ba, kuma da ita na tashi. Amma ka wuni kana jin "Suhail ya ce", "Suhail ya aiko", "Allah ya yi wa Suhail albarka", kai kuma sai "a ce masa", wallahi ko dutse ne a ƙirjinka sai ya yi zafi.

Kamfanin da Suhail ya ɗauko sun san halin gidajen birni, ba kowane namiji ke wuce zaure ba, don haka aikin cikin gida mace suka turo, Injiniya Hassana, 'yar Kaduna, za ta yi shekara talatin da biyar. Na so ƙwarai in raina ta, Allah bai ba ni dama ba. Ta buɗe akwatin fis ɗina, inda wutar gidan ke rarrabuwa, ta duba, ta bi wayoyin da ido, ta ce, "Wa ya ja wannan? Aikin mai hankali ne." Na ce ni ne. Ta ce ta rage wa kanta aikin kwana guda ke nan. Yabon ma haushi ya ba ni, don da ta kushe da na sami abin kamawa.

Kwana uku suna aiki. Maza suka kafa sola a rufi, ita ta canja makunnai, ta haɗa injin ruwa yadda zai tashi da kansa in tanki ya yi ƙasa, ta sa wa ƙofar zaure wani makulli mai ido wanda ake buɗewa da ɗan yatsa. Sai uwa uba, akwatin. Bai fi kwanon sha girma ba, guda a kan kabad ɗin Hajiya, guda a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Magana ake yi masa da Hausa ya amsa da muryar mace.

Suhail ya durƙusa gaban Hajiya yana washe baki. "Hajiya, ce masa ya kunna fitila."

Ta gyara mayafi kamar baƙo ya shigo, ta ce, "To, a kunna mana fitila." Ɗaki ya haske. Ta yi salati ta kama baki.

"Komai kika ce yana ganewa," in ji Suhail. "Fanka, ruwa, ƙofa, har waya zai buga miki. Ce masa ya kira ni."

Ta ce, "Kira Suhail." Wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihu. Mata suka sa shewa. Ni na fice, don ban ga abin shewa ba.

Rana ta uku Hassana ta same ni a zaure da kwamfuta a hannu. Ta ce, "Malam Garba, minti goma nake roƙo. Abin nan sai an koya masa, kuma kai kake zaune da Hajiya. Kai ka san yadda take kiran abubuwa, da yadda take kiran mutane. Ka zauna mu shigar tare."

Na ce, "Wanda ya kawo shi ya koya masa."

"Shi baƙo ne a gidan nan in aka gwada da kai."

"Ai kuwa baƙon ne mai gida yanzu. Ni ina da aiki a Tukur-Tukur."

"To ko ɗan yatsanka ka ba ni saboda ƙofa."

"Ina da makulli."

Babu wani aiki da nake da shi a Tukur-Tukur. Shago na tafi na zauna ina kwance wata tsohuwar fanka da ba abin da ya same ta. Ita kuma ta karɓi jerin sunaye daga wayar Suhail ta shigar, ta haɗa kayanta ta koma Kaduna. Suhail ya bi bayanta washegari, bayan ya sha albarka har ta yi masa yawa.

Daga nan akwati ya fara cinye mini aiki ɗaya bayan ɗaya. Da, da safe ni nake leƙawa in tada injin ruwa, in an ɗauke wuta ni nake juya layi, da la'asar in kunna mata fanka in gyara mata rediyo. A nan nake samun ɗan zaman da nake yi a bakin ƙofarta, ko ba ta yi mini magana kai tsaye ba, ina jin tana ba Hauwa'u labarin mutanen da, na san da ni ake. Yanzu fa? Tanki ya cika da kansa, wuta ba ta ɗaukewa, fanka tana jin magana. Sai in shigo in gaishe ta in tsaya ina 'yan dube-dube, babu abin da ya lalace balle in gyara. Kwana bakwai cur aka yi ban ji ko "a ce masa" ɗin ba. Ashe shi ma abin so ne.

Wata safiya na ji ta da kunnena tana cewa, "Sannu da aiki, 'yar nan." Na zaci da Hauwa'u take. Ina leƙawa sai na ga akwati take yi wa sannu! Shekara nawa ina hawa tsani a gidan nan, ƙashin bayana har yau bai daina ciwo ba tun faɗowar da na yi daga rufinta, ban taɓa samun sannu da aiki ba sai ta bakin wani. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum.

Kullum da hantsi kuwa sai ka ji, "Kira Suhail." Su yi ta hira, murya tana tashi har zaure. Ya ci abinci? Yaran sun warke? Shi kuma daga Abuja yana kallon ƙofar gidanmu a wayarsa. Rannan ina shago ya bugo. "Yaya, na ga wani mai rawani ya daɗe tsaye a ƙofa, ka san shi?" Liman ne fa, limamin da ya raɗa masa suna! Na ce, "Tambayi akwatinka," na kashe.

Hauwa'u ba ta taimaka ba. Ita ma ta koyi abin, tana tuƙa tuwo tana ba shi umarni. In ta ga na haɗe rai sai ta ce, "Malam, wai da akwati kake gaba? Ka ji tsoron Allah, ko hannu ba shi da shi."

"Ba shi da hannu amma ya ƙwace mini uwa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba, da gaske nake.

Sau ɗaya na yi niyyar gamawa da shi. Hajiya tana barcin rana, Hauwa'u ta shiga maƙwabta, na ɗauko filaya na tsaya ƙarƙashin rumfa. Na san wayar da zan taɓa, ba wanda zai gane, sai dai a ce kayan zamani ba su da ƙarko. Na daɗe a tsaye. Amma ni tunda nake ban taɓa ɓata aikin wani da gangan ba, hannuna ya ƙi. Sai na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Kashe kanka."

Ya ce, "Ban gane ba, a maimaita."

Na yi tsaki na mayar da filaya aljihu.

Wata uku da zuwansa, ranar wata Laraba, Hauwa'u ta tafi suna Kufena tun da sassafe, yara suna makaranta. Ina shago ina naɗa wayar injin markaɗe, tsakanina da gida tafiyar minti biyar ce, ko ƙasa da haka in mutum ya ɗaga ƙafa. Wajen goma da rabi waya ta yi ƙara. Suhail. Na so in ƙi ɗauka.

"Yaya! Kana ina? Hajiya ta faɗi! Tana tsakar gida, ba ta iya tashi!"

Ban san lokacin da na bar shago a buɗe ba. Na iso ƙofa ina laluben makulli, sai na ji ƙit, ƙofa ta buɗe da kanta. Daga Abuja ya buɗe mini ƙofar gidan ubana. Ko a cikin wannan tashin hankalin sai da abin ya soke ni.

Na same ta kwance a bakin rariya kusa da makewayi, buta a kife, zaninta ya jiƙe, rana ta riga ta iso kanta. Wuyan hannunta na dama ya kumbura suntum. Ba ta yi kuka ba, leɓenta dai ya bushe. Na ɗauke ta cak, ban san ta yi sauƙi haka ba, na fita da ita na tare mai adaidaita. A asibiti aka ce karaya ce, aka ɗaure hannun. Likita ya ce da gani ta jima a ƙasa.

Kafin la'asar 'yan'uwana mata sun cika ɗakin. Me ake cewa? "Kai, Allah ya yi wa Suhail albarka." "Ba don akwatin nan ba da sai dai wani labarin." "Yaron nan ya yi hangen nesa." Ni da na ɗauko ta a hannuna, rigata duk ruwan rariya, ina tsaye a bakin ƙofa aka miƙo mini takarda in je in karɓo magani. Na karɓa na tafi.

A hanya abu ɗaya ke yi mini yawo a kai. Tana kwance a ƙasa da karyayyen hannu, ga abin da ke gane komai a saman kanta, ga ni a bayan katanga biyu, amma ta tsallake ni ta kira Abuja. Kunya daban, wannan daban. Wannan zaɓi ne. A lokacin da rai ke neman agaji ba a yin kara, wanda ke zuciya shi ake nema, kuma na ga wanda ke zuciyar.

Na yi wa abokina Sabo magana, ya samo mini ɗaki biyu a Tukur-Tukur. Da na gaya wa Hauwa'u sai ta zauna daɓas a bakin gado.

"Malam, uwarka za ka bari da hannu a ɗaure?"

"Tayyiba ta zo jinya, za ta yi wata guda." Tayyiba ita ke bi na. "In ta tafi akwai akwati. Akwai mai akwati."

"Me mutane za su ce?"

"Su ce abin da suka saba cewa, Allah ya yi wa Suhail albarka."

Ta yi kuka, ta yi roƙo, har ta ce za ta kai ƙarata wajen liman. Na ce in ta dawo ta tarar na ɗaure kayan da kaina. Ba wai raina yana so ba ne. A gidan nan aka binne cibiyata, ban taɓa kwana wata guda a wani wuri ba. Amma na gaji da zama kamar turmi a tsakar gida, a daka a kife. Na sa ranar Asabar ta sama. Hajiya ta ji, don ba a ɗaure kaya a ɓoye a gida ɗaya. Na jira ta aiko a ce mini wani abu, ko faɗa ne. Shiru. Na ce to, ka gani.

Ranar Asabar da safe kaya suna jibge a zaure, katifa a naɗe, tukwane a cikin buhu, mai a-kori-kura ya ce ƙarfe goma zai iso. Sai ga sallama. Injiniya Hassana ce, ita kaɗai, da jakarta. Ta dubi kayan ta dube ni, ba ta tambaya ba.

Na ce, "In wajen akwatinki kika zo, yana ciki lafiya lau, ya zama gwarzo."

Ta ce, "Wajenka na zo. Kuma bai zama gwarzo ba, kasawa ya yi. Kwana biyu ban sami sukuni ba tunda na duba."

Ta zauna a kan buhun tukwanen ta buɗe kwamfuta. Ta ce duk maganar da aka yi wa akwatin bai gane ba yana ajiye ta, don su ji inda ya gaza su gyara, kuma sun gaya wa Suhail haka tun farko. Da ta ji labarin faɗuwar sai ta buɗe na ranar Laraba. "Ba kowa zan kunna wa ba," in ji ta, "amma kai ya kamata ka ji. Wannan ƙarfe goma saura minti takwas."

Sai ga muryar Hajiya, tana haki.

"Kira min shi."

"Ban gane ba, a maimaita."

"Shi. Kira min shi."

"Ban gane ba, a maimaita."

Hassana ta danna na gaba. Goma daidai.

"Kira min babban."

"Ban gane ba, a maimaita."

"Yaron nan na shago. Mai gyaran wuta."

"Ban gane ba, a maimaita."

Sai nishi, sai wani zakara can nesa. Na jingina da bango. Goma da minti goma sha ɗaya.

"Mijin Hauwa'u. Don Allah, 'yar nan, mijin Hauwa'u."

"In kira Hauwa'u?"

"A'a, tana nesa. Shi dai. Yana nan kusa."

"Ban gane ba, a maimaita."

Na ce, "Kashe." Ba ta kashe ba. Ta ce saura kaɗan.

"Mai sunan Baba." Shiru. "Yayan Suhail."

"In kira Suhail?"

"A'a."

Sau uku yana tambayarta, sau uku tana cewa a'a. A na huɗu, goma da rabi ta gota, muryar ta yi ƙasa sosai har sai da na matso. Ta ce, "To. Kira shi ya gaya masa."

Hassana ta rufe kwamfutar. Ta ce, "Sau goma sha bakwai ta neme ka, cikin minti talatin da tara. Abin da ke rubuce a ciki shi ne Abubakar Siddiƙ, yadda yake a wayar ƙanenka. In ba ta faɗi haka ba ba zai buga ba. Ni uwata sunan kowa take kira, ban kawo komai a raina ba, ban ma san kai ne na fari ba. Laifina ne, da na zauna da ita na sa ta gwada kowane suna a gabana."

Ba ta ce laifina ba ne. Da ma ta faɗa, da na sami wanda zan yi wa ihu. Minti goma matar nan ta roƙe ni, na tafi na zauna ina kwance lafiyayyar fanka. Ni kaɗai a duniya na san uwata ba za ta faɗi sunan nan ba ko da wuƙa a wuyanta, kuma da na zauna da a numfashin farko zan ce a canja. Na yarda da cika bakin Suhail cewa abin yana gane komai, don yardar ta yi wa fushina daɗi. Minti talatin da tara a rana, a bakin rariya, da ƙashi a karye. Ni na kwantar da ita a wurin.

Kunya ta kama ni, sai ta juye ta zama faɗa, don haka halina yake. Na kutsa cikin gida, Hassana tana biye da ni. Hajiya tana zaune a kan darduma ta jingina da gado, hannu a rataye, Hauwa'u tana ba ta kunu, Tayyiba tana ninke kaya.

Na ce, "Hajiya! Fisabilillahi! Hannunki a karye, kina kwance a rana, ki kasa faɗin suna guda ɗaya? Suna ne fa! Wa zai ji ki? Akwati ne, ba mutum ba! Da wani abu ya same ki fa?"

Tunda nake ban taɓa ɗaga mata murya ba. Tayyiba ta saki baki. Hajiya ko kallona ba ta yi ba, ta juya wajen Hauwa'u ta ce, "A ce masa ya rage murya, akwai baƙuwa."

Hassana ta cire takalmi ta shiga ta durƙusa a gabanta, ta gaishe ta, ta yi mata ya jiki. Sannan ta ce, "Hajiya, ki yafe mini, ni na sa abin da bakinki ba zai iya ba. Yanzu zan gyara. Ba sai suna ba. Duk abin da kika saba kiransa da shi, shi zan sa, ko mene ne."

Hajiya ta sunkuyar da kai. Tana murza bakin mayafinta da hannun hagu.

"Ni ban saba kiransa ba, 'yar nan," in ji ta. "Tun da Malam ya rasu ban taɓa neman abin da zan kira shi da shi ba. In na yi tari yana bakin ƙofa. Wancan na Abuja shi ake kira, don ba ya nan."

Hassana ta buɗe kwamfutarta.

"To me zan sa, Hajiya?"

"Sa wanda yake nan."

Hassana ta rubuta. Daidai lokacin aka danna hon a waje, dogo, sau biyu. Mai a-kori-kura ya iso. Kowa ya ji, Hajiya ma ta ji, don kunnenta ba abin da ya same shi. Na ga haɓarta ta ɗan motsa.

Hassana ta ce, "Gwada mu ji, Hajiya."

Ta ɗaga kai wajen kabad ta ce, "Kira wanda yake nan."

Waya ta ɗauki ƙara a aljihuna. Ina tsaye taku uku daga inda take, amma na ciro na ɗauka na kai kunne. Na yi sallama, muryata ta fito daga cikin akwatin Suhail, kamar ba tawa ba.

Ba ta dube ni ba, akwatin take kallo. Ta ce, "Motar wa ke ta hon a ƙofar gida?"

 Na ce, "Ɓatan kai ya yi, Hajiya, ba nan gidan ba ne. Bari in je in sallame shi."

Na fita ina goge fuska da hannun riga. Kafin in kai zaure Hauwa'u ta riga ni, tana tsugune tana kwance igiyar katifa.